Telan da Ya So Ɗaukar Mahaifinsa

Tunda ka ce gobe za ka fara ɗaga ƙarfe, har kana tambayar wanne ne ya fi nauyi, zauna ka ji abin da ya sami wani tela.

Shi wannan tela, Haladu, ya kwashe shekaru a gaban keken ɗinki, har hannuwansa suka zama ba abin da suka sani sai almakashi da ƙyalle. Ana nan sai shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da mahaifinsa. Kullum in za a yi wa tsohon wanka ko a kai shi bayan gida, sai an roƙo hannu a maƙwabta, tsohon kuwa ya juya fuska ga bango don kunya. Yayar Haladu da ke aure a wani gari ta sha cewa a kai mata shi, tana da samarin 'ya'ya, amma tsohon ya ce a ɗakinsa yake so ajali ya same shi. Abin ya tsaya wa Haladu a rai. Ya tafi wajen wani tsohon ɗan dambe da ke koya wa matasa ɗaga ƙarfe a bayan kasuwa, ya gaya masa yana so ya iya ɗaukar mahaifinsa da kansa. Mutumin ya dube shi sama da ƙasa, ya miƙa masa jarka rabinta ruwa, ya ce ya rungume ta a ƙirji, ya tsuguna, ya tashi, kada ya lanƙwasa baya, ƙafafu su yi aikin. Shi ke nan fa. Gobe ma haka, jibi a huta. Ga yara can sa'o'in ƙannensa suna cira gwangwanayen siminti sama suna gurnani, shi kuwa magidanci guda an bar shi yana rawa da jarka. In ya yi ƙorafi, a ce masa ƙugu da gwiwa ba a yi musu dole, za a ƙara ruwan in lokaci ya yi. Takaici ya ishe shi. Yaushe rabin jarka zai kai nauyin mutum?

Ran nan da safe ya riga mai wurin zuwa. Ya zaɓi sandar da ta fi kowace manyan gwangwanaye, ya sunkuya ƙafafu a sandare, ya fizgo ta da ƙarfin zuciya. Ko gwiwa ba ta kai ba ya ji kamar an soka masa zazzafan ƙarfe a ƙugu. Ɗauke shi aka yi zuwa gida. Likita ya ce ba ɗinki, ba ɗaukar ko da buta. Aka shimfiɗa masa tabarma gefen gadon mahaifin, maƙwabtan da ake roƙo su ɗaga mutum ɗaya suka koma ɗaga biyu, har suka fara yin likimo in sun ji sallamar matarsa. Waɗanda suka ba shi ɗinki suka zo suka kwashe yadikansu. Da yayar ta sami labari, ba ta nemi shawarar kowa ba, sai ga ta da mota da 'ya'yanta maza, suka naɗe katifar tsohon. Ana fita da shi ya sa aka tsaya a bakin ƙofa, ya dubi ɗansa a ƙasa, ya ce da rabin bakin da ya rage masa, "Haladu, ni da nake kwance ban gaji da jira ba. Kai saurin me kake yi?" Haladu bai iya ko tashi ya raka shi zaure ba.

To, ka dai ji. In ka je gobe, abin da aka miƙa maka shi za ka ɗauka, ko da yara za su yi maka dariya. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, garaje ba ƙarfi ba ne.