Kowa Ya Ɗauki Nasa

"Kowa ya ɗauki abin da hannunsa ya rubuta," in ji alƙali.

Ta sunkuyar da kai don kada a ga murmushinta.

Ita da ɗan baffanta suka rubuta manhajar a Gwarzo, mai mayar da kwamfuta rediyo, ta kamo wa manoma hoton hadari daga tauraron ɗan'adam. Ana tsakiyar tsadar rayuwa mai saye ya fito, sai ɗan baffan ya maka ta kotu, wai 'yan layuka kawai ta rubuta.

Bai yi ƙarya ba. Manyan sassan duk nasa ne, nata ɗan ma'ajin saiti ne da bai taɓa karantawa ba. Amma babu sashen da ke da kwafin saitin. Adireshin ma'ajin kawai kowanne ya riƙe, can yake zuwa ɗauko mitar rediyon da za a kamo tauraron.

Ta kwashe layukanta.

A Kabo ɗan baffan ya kunna manhajar gaban Alhajin da zai saya. Allo baƙi ƙirin. Ya kira ta a waya.

"Sassanka lafiyarsu ƙalau, Yaya," ta ce. "Sallama suke ta yi a ƙofar gidan da ka sa aka rushe."