Kafin Ya Fara Ihu

Tela ya sake mayar da waƙar baya, jita na ruri kamar injin niƙa.

"Yaya, masoyan kiɗan metal ɗin ma sun kushe albam ɗin nan," in ji ƙanwarsa, tana duba waya. "Wai ihu ne kawai."

"Gaskiyarsu. Ni ma sara min kai yake."

"To me ya sa kullum sai ka kunna?"

Ya ɗauke ƙafa daga keken ɗinki. Ɗansa ne ya yi waƙar. A kan wannan kiɗan ya kore shi daga gida, gawarsa ce ta dawo.

"Saurara," ya ce. "Kafin ya fara ihun, sai ya ja numfashi. Nan kaɗai nake jin yaron nan yana numfashi."