Hayaƙin Bindigar Hisham

Tun da aka kulle Kuala Lumpur saboda korona, duniyar Zahraddeen ta koma ɗaki ɗaya a wani dogon bene na Danau Kota. Yana shekarar ƙarshe a karatun zanen gine-gine. Darasi ta kwamfuta, abinci a sayo a ƙasa a hawo da shi, sauran yinin kuwa waya ce a hannu.

Ana cikin haka ɗan baffansa Hisham, da ke karatu a Amurka, ya turo bidiyo zauren dangi na waya. An kai shi filin koyon harbi, an ba shi wata 'yar bindiga mai juyi da ba ta wuce tafin hannu ba, sabuwar ƙira amma kwaikwayon ta mutanen da, wadda ake ɗura wa albarushi. Ya harba, farin hayaƙi ya turnuƙe shi, ya fito yana tari yana dariya. Ya ce bai zaci za ta yi laushi haka ba, ko fizgar kirki ba ta yi, sai dai wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai.

Dangi suka yi ta yabo. Wanda ya tsaya wa Zahraddeen a maƙoshi shi ne na Walida, 'yar gwaggonsu da yake nema da aure. Ta rubuta: "Lallai jikan maharba, ka gado."

Wai jikan maharba. Shi ne fa ya tashi a gaban kakansu Datti, shi ke riƙe masa jakar albarushi in za a shiga daji, alhali Hisham ko kaza bai taɓa yankawa ba. Kishi ya hana shi sakat. Ya kalli bidiyon ya fi a ƙirga, amma hankalinsa na kan yabon. Bai lura da malamin harbin da ke tsaye bayan Hisham ba, wanda ya auna albarushin ya ɗura, ya sa wa Hisham tabarau. Ya kuma manta cewa a hannun Datti jakar kawai aka yarda ya riƙe.

Ya bi ta ɓarauniyar hanya ya samo bindigar ado ta ƙarfe mai kama da waccan, ya tanadi garin nokawut don ta yi hayaƙi. Ubale, abokin ɗakinsa, ya ƙi riƙe masa waya ya ɗauke shi bidiyo.

"Cannot lah, ba zai yiwu ba, Zahraddeen. Ƙasar nan ko ta wasa aka gan ka da ita, ka shiga uku."

"A gidanmu aka san albarushi," in ji shi.

Bayan la'asar ya jingina wayar a taga, ya tsaya a baranda ya gyara hula, sannan ya ɗura garin a bindigar ya sa wuta. Abin ado ba a ƙera shi don wuta ba. Ƙarfen ya tarwatse a hannunsa na dama, kuma da yake kulle ne, duk mutanen benen na gida, kowa ya ji. 'Yan sanda sun riga motar asibiti zuwa.

Ya kwanta a asibiti shi kaɗai, dokar korona ta hana dubiya. Babban yatsa da manuni suka tafi, su ne kuwa masu riƙe alƙalamin zane. Daga nan sai kotu, makaranta ta sallame shi, aka soke bizarsa aka mai da shi gida babu takarda.

Da Walida ta zo duba shi a Kano, ta kalli hannun, shi kuma ya tambaye ta abin da ta gani a bidiyon nan na Hisham. Idonta ya cika.

"Yaya, ni fa ban ma buɗe shi ba, tsoron ƙarar bindiga nake. Na ga kowa ya yi magana ne, na yi masa kara."

Jama'a, kishin abin da muke gani a waya yana rufe ido daga abin da ke bayansa. Bindiga, ta gaske ko ta kwaikwayo, ba abin neman yabo ba ce, kuma dokar ƙasar da ka baƙunta ba ta san kakanka ba.