Motar Sabitu Ta Fara Jan Ƙafa

Motar ta doshi kwana, ta ƙame, ta zabura, ta sake ƙamewa. Duk da haka ita ta zo ta ɗaya. Sabitu ya ja tsaki, ya ture kwamfutar gefe.

Shekara talatin da ɗaya yana yanka jallabiya a Kasuwar Umdurman ta ƙasar Sudan, bai taɓa ɓata wa mutum yadi ba. Sai wata safiya a bara almakashi ya suɓuce masa, hannun dama ya ƙi jin magana. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, amma da sauƙi, a riƙa motsa yatsu. 'Yarsa Mawahib, mai karatun kwamfuta a jami'a, ta ɗauko tsohuwar kwamfutarta ta tafi-da-gidanka, ta sa masa wasan tseren mota. Dattijo da furfura, da wasan yara! Ya yi kwana uku yana fushi. A na huɗu sai da aka kira shi cin abinci sau biyu.

Da farko ya ɗan taɓuka. A wata na biyu kuwa ya sha kaye har ya daina cin kisra, gurasarsu ta kullum, ya juya wa kowa baya. Daga nan sa'a ta juyo. Ya ci titi na uku, ya ci na huɗu, kowane mako da nasararsa. A ransa ya yanke hukuncin da bai faɗa wa kowa ba: ranar da ya cinye tituna goma na wasan, ranar zai karɓi almakashinsa daga hannun ƙanensa Yakubu, wanda ke riƙe masa shago yana yanka wa bayin Allah karkataccen wuya. Yanzu saura titi ɗaya.

Abin haushin, hannu na warkewa, kwamfuta na mutuwa. Hoton sai ya riƙa yankewa, mota na tafiya kamar jakin mai ruwa. Ina daɗin nasara a kan gurguwa?

“Baba, tsufa ne,” in ji Mawahib. “Ga takunkumin cinikin da aka sa wa ƙasar nan, ko fanka ba a samu a kasuwa.”

Duk Juma'a takan shiga da ita ɗaki ta yi mata shara, ta fito da ita ta fi da lalacewa. Sabitu ya rasa me ake koya musu a jami'ar. Yarinyar dai akwai kirki, har kofin shayinsa ta canza, ta kawo na ƙarfe mai mariƙi, wai na gilashi sun yi tsada. Shi ma ya lura gilasan yanzu santsi gare su.

Ran Talata, tana fita lacca, ya naɗe kwamfutar a ƙyalle, ya hau bas daga unguwarsu Kalakla zuwa wurin mai gyara. A bakin gada sojoji na duba kaya. Ɗaya ya buɗe ta, ya ga motar tsere, ya dubi gemun Sabitu, ya rufe ya miƙa masa.

Shagon gyaran Rashid na bayan layin maƙera. Iyayensa da na Sabitu tare suka tsinci auduga a gonakin Jazira, don haka ba a yi dogon bayani ba. Rashid ya kunna wasan, ya fito da wata lamba a kusurwar allo.

“Ka gani, Baffa? Hoto goma sha biyu take nunawa a daƙiƙa. Sittin ya kamata.”

Ya kwance bayanta yana zaton ƙura ta toshe fanka, ya tarar da fankar tas. Ya duba man da ake shafa wa ƙwaƙwalwarta don zafi, sabo ne fil. Ya jona caja, ya taɓa batir, ya rage inuwa da ƙyalƙyalin wasan har motar ta koma kamar kwalin ashana. Lambar ta tsaya a sha biyu, ko gezau.

“Wa ke kula da ita?” Rashid ya tambaya. “Wallahi ko ni ba zan yi mata wannan gata ba.”

“Gata?” in ji Sabitu. “Ai ga sakamakon gatan nan.”

Rashid ya ci gaba da tone-tone a cikinta. Can sai ya dakata. Ya dubi allon, ya dubi hannun da Sabitu ya ɗora a gwiwa, ya sake duban allon. Sabitu ya ƙosa, ya ce in an gano cutar a yi magani, shi fa gobe yake son kama almakashi. Rashid ya danna wani abu ba da son ransa ba. Lambar ta haura sittin.

Kai, mota ta zama mota! Sabitu ya janyo kujera, murna fal ciki, ya zaɓi titi na ɗaya don ɗumama jini. Ya daki bango a kwanar farko. Ya sake, ya daki bangon. A karo na uku idonsa ya ga kwanar sarai, zuciyarsa ta ba da umarni, yatsun ba su iso ba sai da motar ta kife. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba tun ranar asibiti.

“Ya zol, bawan Allah, ka ɓata ta,” ya ce. “Me ka yi mata?”

Rashid ya juyo masa da allon. Jerin kwanakin wata ne, kowanne da lamba a gabansa: hamsin, arba'in da biyar, arba'in, har ƙasa.

“Lafiyarta ƙalau, Baffa,” ya ce a hankali. “Wani ne ke rage wa wasan gudu da hannunsa daidai yadda za ka iya, duk Juma'a, wata bakwai ke nan, kuma bai taɓa samun dalilin ƙarawa ba ko sau ɗaya.”