Sankiran da Bai Kai Goro Ba

Kai Nafi'u, wannan ma har tambaya ce? Ƙato da kai, da gemunka, ka zo ka durƙusa gabana wai in gaya maka ko ka je taron ƙungiyarku ko kada ka je, wai manyan cikinta sun cika gyara wa mutum magana. Ni ko ƙofar aji ban taɓa leƙawa ba, amma aikin nan naka da kuke ce wa hulɗa da jama'a, na fito da sunan kamfani a ji daɗinsa, mu da sankiranci muka san shi. Gyara zama, maigidan nawa, ka ji daga bakin kakarka.

An yi wani saurayi sankira a wani ƙauye. Allah ya hore masa murya, in ya wage baki a bakin kasuwa sai mata su tsai da daka a bayan gari. Maraya ne, bai gaji sana'ar ba, da kunnensa ya tsince ta. Masu wannan sana'a kuwa suna da al'ada. Ranar kasuwa in an watse, sai su hallara a zauren babbansu, na kusa da na nesa, a fasa goro. A nan ake nuna wa yaro inda zai ja murya da inda zai sassauta, a nan kuma ake faɗin abin da ba a faɗa a fili: gidan wane an yi rashi, wane da wane ba sa ga maciji, wannan kakan a ambace shi, wancan a tsallake. Saurayin nan ya je sau ɗaya. Rigarsa ɗaya tal, ta sha faci a kafaɗa. Aka zaunar da shi bakin ƙofa wajen takalma, wani dattijo ya gyara masa kirari a gaban kowa, aka yi dariya. Ba da mugunta aka yi ba, amma zuciyar maraya ɗanya ce. Bai sake komawa ba. Sai ya riƙa shiga gona shi kaɗai yana yi wa karan dawa kirari, yana cewa a ransa muryar ta ishe shi.

Ana nan sai wani attajiri a ƙetaren gulbi ya ji labarinsa, ya aiko a kira shi ɗaurin auren 'yarsa. Ranar da zai yi suna ke nan, ko ya rasa shi. Baƙon sankira kuwa, kafin ya buɗe baki a garin mutane, sai ya fara kai goro wurin babban sankiran garin, a raɗa masa inda ƙaya take. Shi kunya ta hana. A cikin kwalekwale ya tambayi mai fito dukiyar attajirin, ya haddace: shanu, rumbuna, da wata fadama mai rake. Da aka shafa fatiha ya miƙe, ya saki muryar nan, jama'a suna ta waiwaye suna tambayar ɗan wane ne. Yana cikin jin daɗin kansa sai ya ce, "Mai fadamar rake, wadda ba ta san rani ba!" Jama'a suka shiga kallon juna. Ashe fadamar nan ita ta raba gidan amarya da gidan ango shekara da shekaru, har an zub da jini a kanta, auren ma don a binne maganar aka ƙulla shi. Duk masu sankirancin ƙasar sun sani, don a zaure aka yi ta jan kunne a kai. Baffan ango ya fara lalubar takalminsa. Sai babban sankiran garin, tsoho mai shaƙaƙƙiyar murya, ya yunƙura ya ɗauko kirarin kakan da gidajen biyu suka haɗa, ya yi ta ja, ya yi ta ja, har baffan ya koma ya zauna. Aure ya tsira. Saurayin kuwa, a bayan danga tsohon ya same shi yana share ido da hannun riga. Ya ce masa, "Ɗana, muryarka ta fi tawa nesa. Da ka biyo ta ƙofata da safe, kalma ɗaya zan gaya maka." Saurayin ya koma ƙauyensu, aka daɗe ko bikin suna ba a kira shi ba, ga murya tana nan lafiya lau ba mai nemanta.

Ba a banza Bahaushe ya ce da ɗan gari akan ci gari ba.

Ku kuma yaran nan da kuka baza kunnuwa kamar da ku ake, ku tashi ku kakkaɓe tabarma ku kwanta. Kada in sake jin tarin kowa.