Ranar da Baba ya riƙe taɓarya

Ƙarar taɓarya ce ta tashe ni daga barcin yunwa, wani irin daka mai nauyi da ba na Inna ba. Inna tana kwance da zazzaɓi, matan maƙwabta sun tafi biki, tun safe ba a ɗora tukunya ba.

Na leƙo tsakar gida. Baba ne yake dakan gero, ɗan damben da ake kiɗa sunansa daga Malikanchi har Makarfi. Zaren da yake naɗe hannu da shi na rataye a kafaɗarsa, domin da la'asar zai kara a Kudan.

Makaɗinsa ya ɗaga murya daga zaure: "Maigida, daka nake ji? Mota za ta tashi fa! In ba ka je ba, gobe da sunanka za a yi waƙar ragwaye."

Baba bai ajiye taɓaryar ba. "Ka ce musu na gudu. Yarana ba su ci ba."

Ya rataye zaren a danga, ya dube ni. "Uwata, zo ki nuna mini yadda ake bakace."

Kunun da ya dama ya yi gudaji, amma tas muka shanye. Allah Ya jiƙansa.

Jiya na ba ɗana labarin, yana kallon katun ɗin Japan a waya, na wani uba jarumi mai tashi sama. Sai ya ce, "Umma, wannan ko ruwa bai taɓa ɗebo wa 'ya'yansa ba. Kaka ya fi shi."