Golan da Bai Yarda da Katangarsa Ba

Sallau, tunda ka ce ba ka iya zama a kan kekenka sai ka tashi ka leƙa abin da sauran telolin shagon suke yi don kada a cuce ka, to ajiye almakashin nan ka saurara. Kai mayen kallon ƙwallo ne, da ita zan yi maka misali.

An yi wani gola, dogo, mai tafin hannu kamar faranti. Ka san idan aka ba da firikik kusa da raga, gola yakan jera 'yan wasansa su yi katanga su tare gefe ɗaya, shi kuma ya tsaya a ɗaya gefen. Rabon aiki ne, can nasu, nan nasa. To yana saurayi, a kulob ɗinsa na farko, wata rana ya jera katanga, aka buga, sai ɗaya daga cikinsu ya sunkuya, ƙwallo ta bi ta kansa ta shige. Daga baya aka gano biyan mutumin aka yi. An kore shi, amma ina, abin ya riga ya zauna wa golan a zuciya. Tun daga ranar, duk sanda ya jera katanga sai ya tsaya yana ƙare wa ƙeyoyinsu kallo, yana tambayar kansa yau kuma wa aka saya. Mai bugu na ɗaga ƙafa, sai ya ɗan matsa bayan katangar, wai ko da za ta buɗe. Taku ɗaya fa kawai. Amma masu buga firikik ba makafi ba ne. Suka gano shi, labari ya zaga, kowa ya samu sai ya auna gefen da golan ya bari.

Babu kuwa abin da ya fi kama da sayar da wasa irin a ci gola ta gefensa, a kuma ga da ƙafarsa ya kauce. Sai a fara ƙus-ƙus a kulob, kakar wasa na ƙarewa a sallame shi. Shi kuma ya saɓi jakarsa yana cewa dama ya sani, munafukai ne, haɗe masa kai suka yi. Haka ya yi ta gararamba, bana arewa baɗi kudu, har ƙasar maƙwabta ya tsallaka ya dawo. Ko'ina da ruwan shansa yake zuwa a gora, ba ya sa hannu a tiren abincin 'yan wasa, in ya ga mutum biyu suna magana ƙasa-ƙasa ya ce da shi ake. Wallahi mutumin nan yana ba ni haushi, yana kuma ba ni tausayi, don a sauran aikin raga ba shi da na biyu.

Furfura ta fara leƙowa, gwiwa ta fara ƙara, manyan kulob suka daina kiransa. Sai wani ƙaramin kulob ya ɗauke shi, na mutanen kirki. Suka ba shi ɗaki ya kwaso matarsa da 'ya'yansa, yaran suka samu makarantar da za su zauna. Shugaban kulob ya ce masa in dai ba su faɗa rukunin ƙasa ba a bana, zai ajiye safar hannu ya zama mai horar da gololinsu, yawo ya ƙare ke nan. In kuwa suka faɗa, masu ɗaukar nauyinsu za su janye, kulob ɗin ma watsewa zai yi. Kyaftin ɗinsu, wani ɗan baya marar yawan magana, ya lura da takun nan, ya sha jan golan gefe yana ba shi baki. Akwai ranar da ya tare ƙwallo da fuskarsa a katanga har haƙorinsa ya fita, golan yana kallo. Ka san abin da golan ya ce a ransa? Wai ai mai shirin cin amana sai ya fara sayen yarda tukuna.

Ranar wasan ƙarshe canjaras ma ya ishe su. Ana dab da tashi, babu wanda ya ci wani, rafali ya busa firikik kusa da ragarsu. Gola ya jera katanga. Kyaftin ya waiwayo ya ce, "Yaya, nan namu ne. Don Allah ka tsaya a naka." Ya gyaɗa kai. Sai ga mai bugun ya zo ajiye ƙwallo, ya miƙa wa kyaftin hannu suka tafa, har da ɗan murmushi. Ashe 'yan unguwa ɗaya ne, tare suka tashi, gaisuwa ce kawai. Gola ya ce a ransa shi ke nan, an gama ciniki. Aka busa, ya matsa. Katanga ta yi tsalle gaba ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, ko allura ba za ta wuce ba. Bugun kuwa ko ƙarfi ba shi da shi. Ƙwallo ta gangaro ta ɗaya gefen, ta bi ta kan sawun takalminsa inda yake tsaye ɗazu, ta kwanta a raga. Da bai motsa ba, da a ƙafarsa za ta tsaya. 'Yan kallo suka ɗauki ihu ya sayar, ya sayar, mutumin da bai taɓa karɓar sisin kowa ba. Kyaftin ya dube shi kawai ya wuce. Ba a jima ba kulob ya watse, aka karɓi makullin ɗaki, aka cire yara daga makaranta a tsakiyar zango, gola ya ɗaure katifa a kan mota bai ma san garin da za shi ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi.